Lambu a Tsakar Gida Mai Dutse

Tambaya: A Birni nake zaune. Tsakar gidanmu ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba, ƙasar kuma dutse ce. Me zan iya shukawa?
Wata uwargida, Damagaram

Amsa: Uwargida, ƙyale dutsen nan, kada ki wahalar da yara da haƙa. Nemi tsofaffin buhunan shinkafa ko fasassun tukwane, ki huda gindinsu, ki cika da ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen takin awaki kashi ɗaya. Ɗanyen taki ƙone saiwa yake yi.

Zancen ruwa a Damagaram kin fi ni sani. Na wankin shinkafa da na alwala sun wadatar, banda mai sabulu. Ki riƙa zubawa da sassafe ko bayan la'asar.

Fara da alayyafo, yakuwa da zogale, ki dinga tsinke kan zogalen don ya yi rassa. Tumatir kuwa ya jira sanyin Nuwamba.

In lemun tsami kike so, je wurin masu rainon itatuwa, ko ki leƙa lambunan Mirya, kilomita 18 daga gari. Ɗaga ledar dashen ki duba gindi: in saiwa ta fasa ta kama ƙasa, ajiye shi, ki ɗauki ƙarami. Akwai akuya a gidan? To, a sayo waya a kewaye tun kafin dashen ya iso.