Yadda Ake Haddace Ranakun Mako a Harshen Cek

Duk mutumin Bagwai ko Bichi da ke shiga Kano ya san unguwar Bata, sunan da ya samo asali daga Tomáš Baťa, wanda ya kafa kamfanin takalmi a garin Zlín na ƙasar Cek a 1894. Idan kai matashin yankin Watari ne mai niyyar zuwa karatu ƙasar Cek, fara da ranakun mako, domin da su ake rubuta jadawalin darasi da na jirgin ƙasa.

Da farko ka samu takarda ka jera su daga Litinin, don ita ce farkon makon mutanen Cek: pondělí, úterý, středa, čtvrtek, pátek, sobota, neděle. Da ƙaramin harafi ake fara kowace, kada ka gyara musu.

Na biyu, ɗauki masu sauƙin. Sobota ita ce Asabar, kuma tushensu ɗaya. Neděle, wato Lahadi, ma'anarta ranar da ba a aiki, pondělí kuwa ranar da ke bin ta. Středa ita ce tsakiya, Laraba ke nan.

Na uku shi ne inda wanda ya yi makarantar allo kan yi tuntuɓe. Sunayen ranakunmu daga lissafin Larabci suke, wanda ya fara da Lahadi, shi ya sa Talata ta zama ta uku, Alhamis ta biyar. Su kuwa daga Litinin suke ƙirgawa. Saboda haka úterý, "ta biyu", Talata ce. Čtvrtek, "ta huɗu", Alhamis ce. Pátek, "ta biyar", Jumma'a ce. In ka bar lissafin gida ya ja ka, sai ka je wurin alƙawari kwana ɗaya kafin lokaci. A ganina wannan matakin ya cancanci rabin lokacinka.

Sai furuci. Ƙarfin murya kullum a gaɓar farko yake. Wasali mai ɗan karkataccen kara a kansa jan sa ake yi, abin da ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Harafin č daidai yake da c ɗinmu na "ciki", dě kuma kamar "dye". Mai wuyar shi ne ř na středa: kaɗa harshe da "r" kana fitar da "sh" a lokaci guda. Ko yaransu sukan daɗe kafin su iya shi, don haka kada ya tsayar da kai.

Daga nan ka ɗaura kowace rana da wani aiki naka: ranar ban-ruwa a gonar rani, ranar cin kasuwarku, ranar Masallaci. Kowace safiya ka faɗi sunan ranar da ƙarfi.

In bakinka ya saba, koyi cewa "ran kaza": v pondělí, v úterý, ve středu, ve čtvrtek, v pátek, v sobotu, v neděli. Lura da ukun da ƙarshensu ya canza. A jikin jadawali kuwa a taƙaice za ka gan su: po, út, st, čt, pá, so, ne.