Kula da zaren gilashin intanet

Zaren gilashin da ke ɗauko intanet siririn abu ne, kaurinsa kamar silin gashi, kuma ba ya jure matsi. In za ka jera da yawa, kwantar da kowanne cikin kwarminsa a faranti, ka rufe, kada a bar su suna lilo. Inda aka yi haɗi, sa masa rigar roba mai sandar ƙarfe a ciki.

Lanƙwasa ce ta fi ɓarna. Wajen naɗe rarar zare, kada faɗin da'irar ya gaza santimita 6. In ta matse, hasken da ke bi ta cikin zaren zai zurare, gilashin kuma ya tsage a hankali. Masu ɗaure shi tamau da igiyar roba su sassauta. Lokacin ƙurar hunturu, bar murfin bakinsa a rufe. Kada ka leƙa ciki, hasken ba ya ganuwa amma yana lalata ido.