Hukuncin Cire Gemun Mace

'Yan'uwa Musulmi, a Faskari da kewaye akwai matan da gemu ke tsiro musu, amma suna tsoron cirewa saboda tsinuwar da ta zo a hadisin Ibn Mas'ud a kan masu tsige gashin fuska. To, malamai da dama sun ce gira ake nufi. Imamu Nawawi ya ce cire gemun mace mustahabbi ne, Malikiyya kuwa suka ce wajibi ne.

Sau da yawa ciwon ma'ajiyar ƙwan haihuwa ke jawo wannan gashi, ya kuma rikita haila. Saboda haka kashe saiwarsa da allurar lantarki, dabarar da aka fara a Amurka a 1875, magani ne halal. Sai dai a fara ganin likitan mata, a Funtuwa ko asibitin Shika. Gori kuwa haramun ne. Allah Ya sa mu dace, amin.