Alheri da Sharri a Hotunan Bakin Shuɗin Nilu

Mai duban hoton kogi ko na tsuntsaye da aka ɗauka a Abu Hujar, cikin jihar Sinnar, ya kamata ya guji saurin yanke hukuncin alheri ko sharri, domin firam, wato iyakar abin da mai hoto ya zaɓa ya nuna, yakan ɓoye rabin labari. Ambaliyar watan Agusta, wadda ke rushe gidajen laka, ita ce kuma ke shimfiɗa ƙasa mai albarka a gonakin bakin kogi. Tsuntsayen jan-baki kuwa, duk kyawunsu a sama, masifa ne ga manomin dawa. Don haka ya kamata mai hoto ya rubuta wuri da watan ɗauka, ya kuma tuntuɓi manoma da masunta kafin ya raɗa wa hotonsa suna.