Nazari A Kan Kalmar "Ajiya" A Cacar Intanet

A wurin Bahaushe ajiya amana ce, mai ita yakan karɓi abinsa duk sa'ad da ya so. Amma ba haka ma'anarta take ba a gidajen cacar intanet masu rajista a ƙetare, kamar Malta, waɗanda wayar hannu ta kawo su har aljihun leburorin masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai.

Zuba kuɗi nan take ne, ta katin banki. Cirewa kuwa sai an cika sharuɗɗa: gabatar da katin shaida, da jiran kwanaki, da juya garaɓasa. Alal misali, idan garaɓasar naira 10,000 ta zo da sharaɗin juyi 30, sai sabon shiga ya yi cacar naira 300,000 kafin ya taɓa ribarta. Wannan ya zarce albashin wata huɗu, bisa mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024.

Idan aka hana shi kuɗinsa, kai ƙara yana da wuya, domin dokar Shari'a ta Kano ta 2000 ta haramta caca, kamfanin kuma yana hayin teku. Ashe ke nan wannan ba ajiya ba ce, zubi ne wanda ba lalle kwasa ta biyo bayansa ba.