Darasi na Sha Ɗaya: Wa Ke Duba Bakin Yaro?

Ba sai an koya wa mutumin Gwandu ko na Kalgo yadda ake asuwaki ba. Duk wanda ya karanta Ahalari a makarantar zaure ya san asuwaki yana cikin mustahabban alwala, kuma reshen darbejiya ba saye ake yi ba. Saboda haka abin da ya shafi manya ba zai ɗauke mu lokaci ba: a goge baki da safe da kuma kafin barci, kamar na minti biyu, da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fulorayid, a sake buroshi bayan wata uku, mai asuwaki ya riƙa yanke bakin da ya tsufa. Inda gizo ke saƙar shi ne bakin yara. Magidanci zai goge haƙoransa sau biyar a yini, amma ɗansa mai shekara uku ya ci, ya sha, ya kwanta, babu wanda ya ce masa buɗe bakinka mu gani. Kada a bar yaro ya kwana da bakin da ba a wanke ba.

Amsar da ake bayarwa sananniya ce: ai haƙoran nono ne, zai yi famfara wasu su fito. Gaskiya ne za su faɗi, amma yaushe? Haƙoran nono 20 ne. Suna fara fitowa wajen wata 6, su cika kafin shekara 3. Na gaba suna faɗuwa wajen shekara 6, amma turamen ciki suna kaiwa shekara 10 zuwa 12. Ke nan turmin da ya yi kogo tun yaro yana ɗan shekara 4 zai iya shekara shida yana hana shi tauna da barci. In an cire shi kafin lokacinsa, haƙoran da ke kusa sukan matso cikin giɓin, na dindindin ya rasa wuri ya fito a karkace. Akwai kuma abin da iyaye da yawa ba su lura da shi: wajen shekara 6 wani babban turmi yana fitowa can ƙurya, bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Wannan yana cikin haƙora 32 na girma, ba shi da magaji. Da yawa suna ɗaukar sa na nono, su zuba masa ido har ya ruɓe.

Mu leƙa wani gida bayan sallar isha'i. Maigida ya dawo daga kasuwa da tsarabar alewa da biskit, yara sun yi masa caa. Uwargida ta zuba wa auta shayi, sukari cokali uku, don ya yi shiru. Amarya ta ce, “Yaya, a wanke masa baki kafin ya kwanta.” Kafin ta rufe baki kaka ta amsa daga ƙofar ɗakinta: “Ku ƙyale mini maigidana! Mu wa ya goge mana baki, ga mu da haƙoranmu?” Aka yi dariya, auta ya yi barci da guntun alewa a kumatu. Kaka ba ƙarya ta yi ba, sai dai a ƙuruciyarta babu lemon kwalba da minti a kowane shago. Ƙwayoyin cutar da ke maƙale a jikin haƙori suna cin sukarin da ya saura, su fitar da wani tsami mai zaizaye bayan haƙori. Wannan ne ake kira tsutsar haƙori, alhali babu wata tsutsa a ciki. Da rana yawu yana wanke tsamin, da dare kuwa yawu yana raguwa, sai ɓarnar ta samu sarari har asuba. Shi ya sa wankin dare ya fi kowanne. Kada a bar yaro ya kwana da bakin da ba a wanke ba.

Kogon haƙori ma da sauƙi a kan abin da dasashi ke iya jawowa. Cutar noma tana farawa ne da kumburin dasashi, da jini, da warin baki, galibi ga yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa ko ƙyanda ta raunana. Cikin 'yan kwanaki sai kumatu ya kumbura, nama ya mutu, ciwon ya huda fuska har ya kai ga ƙashi. In ba a yi magani ba, tana iya kashe tara daga cikin yara goma. Ba labarin wata ƙasa ba ne: tun 1999 akwai asibitin yara na cutar noma a Sakkwato, kuma har daga nan Jihar Kebbi ake kai yara can. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka noma cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, bayan buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Abin takaicin shi ne a matakin farko maganin ƙwayoyin cuta daga asibiti, da tsabtace baki, da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. To, wa zai ga matakin farko in ba a buɗe bakin?

Wani zai ce man goge baki ya yi tsada. Yaron da bai kai shekara 3 ba kwatankwacin ƙwayar shinkafa ake lakato masa, daga 3 zuwa 6 kuwa ƙwayar wake. Ƙaramin kwali zai daɗe. A koya masa ya tofar, kada ya haɗiye. In babu man, a tausasa bakin asuwaki a goge masa a hankali, jariri kuma a share masa dasashi da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwa. Wani zai ce yaron kuka yake yi. Ai yana kuka in za a yi masa wanka, ba a fasa ba. Hannun yaro ba ya iya aikin da kyau sai ya kai wajen shekara 7, don haka miƙa masa buroshi a juya baya ba wanki ba ne. Su kuwa maƙwabtan da ke ganin jini a bakin yaro su ce haƙori ne yake fitarwa, ko su dandaƙa ƙwayar ciwon kai su cusa a kogo har ta ƙona dasashi, a ji shawararsu a bar ta a zaure.

Yau da dare, uba ko uwa, a zaunar da yaro a cinya, a haska tocila, a ɗaga leɓensa. In an ga baƙin ɗigo a haƙori, a nemi likitan haƙori a Birnin Kebbi tun kogon bai yi zurfi ba. In an ga dasashi yana jini da wari, ko kumatu ya kumbura, musamman bayan ƙyanda, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, kada a jira ranar kasuwa. In kuma lafiya lau ne, a wanke masa bakin kafin ya kwanta.