Ajiye Ruwan Gishiri Don Tankin Kifin Teku: Matakai Bakwai

Idan kana kiwon kifin teku ko murjani a tankin gilashi, ka san sauya ruwa ba ya jiran ranar da ka samu sarari. Yawancin masu kiwon suna sauya kashi 10 cikin 100 duk mako. Tanki mai lita 200 yana buƙatar lita 20 ke nan. Ka haɗa ruwan tun da wuri, ka ajiye. In ka rufe shi da kyau, zai yi makonni bai lalace ba. Ga yadda za ka yi.

1. Samo mazubi mai tsafta. Ka sayi sabuwar jarka ko durom na roba, irin wanda ake zuba abin ci ko ruwan sha. Duba gindinsa: in ka ga lamba 2 da HDPE, ya yi. Kada ka ɗauki jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, kalanzir, omo ko maganin feshi, ko da an wanke ta sau goma. Ka guji ƙarfe baki ɗaya, musamman jan ƙarfe da tagulla, domin ɗan kaɗan daga cikinsu yana kashe murjani da jatan lande.

2. Fara da ruwa mai kyau. Ruwan famfo yana da kulorin, na rijiyar burtsatse kuma yakan zo da sinadaran da ke haifar da gansakuka. Ka yi amfani da ruwan da na'urar RO/DI ta tace. Ka gwada shi da mitar TDS, mai auna abin da ya narke a cikin ruwa. Abin da kake nema sifili ne.

3. Zuba gishiri cikin ruwa, kada ka zuba ruwa kan gishiri. Gishirin miya ba ya wannan aiki, sai na musamman irin Instant Ocean ko Red Sea, mai ɗauke da kalsiyam da magniziyam. Ka cika jarkar tukuna, ka kunna ƙaramin injin motsa ruwa, sannan ka riƙa barbaɗa gishirin a hankali. Ana sa wajen giram 35 zuwa 38 a kowace lita, wato giram 700 zuwa 760 a lita 20. In ka juya tsarin, ruwan zai yi fari kamar an dama alli, kalsiyam ɗin ya kwanta a ƙasa, kuma ba zai sake narkewa ba.

4. Karanta jikin bokitin gishirinka. Ba duka suke jure ajiya ba. Masu yawan kalsiyam da alkaliniti, irin Red Sea Coral Pro, an yi su ne don a haɗa a yi amfani da su cikin 'yan sa'o'i. In ajiya kake so, ka zaɓi gishiri mai matsakaicin ƙarfi.

5. Rufe, ka kai inuwa. Ruwa yana tashi ya bar gishiri a baya, don haka jarkar da aka bari a buɗe ƙara gishiri take yi kullum, balle a hunturu da iska ta bushe, ga ƙura. Haske yana kawo gansakuka, zafi kuma yana sa kalsiyam ya kwanta. Ka ɗaure murfi, ka ajiye a ɗaki mai sanyi, nesa da janareta, da kicin, da inda ake fesa maganin sauro. Ba sai injin ya kwana yana aiki ba, don haka ɗauke wuta ba zai ɓata maka ajiya ba.

6. Rubuta a jikin jarka. Ka manna takarda: ranar haɗawa, sunan gishiri, da awon gishirin da ka samu. Ka ware wata jarka daban ta ruwan da babu gishiri, ka sa mata alama babba. Da ita kaɗai ake cike gurbin ruwan da ya tashi daga tanki.

7. Gwada kafin ka zuba. Wannan ne matakin da ba a tsallakewa. Ka kunna injin na 'yan sa'o'i, murfi a buɗe, ruwan ya gauraya ya sha iska. Sai ka ɗiga ɗigo biyu a kan rifraktomita, na'urar auna gishirin ruwa, ka duba ta fuskar haske: layin ya tsaya a 1.025 zuwa 1.026, wato wajen 35 ppt. In ya haura, ƙara ruwan RO kaɗan-kaɗan. Zafinsa ya zo daidai da na tanki, digiri 24 zuwa 26. Mai murjani ya ƙara da gwajin alkaliniti. In ka ji wari, ko ka ga yauƙi, zubar da shi ka haɗa sabo. Gishirin lita 20 bai kai kuɗin kifi ɗaya ba.

Duk lokacin da jarka ta ƙare, ka wanke ta da ruwan khal ka ɗauraye sosai, ban da sabulu. Farin ɓawon da ke manne a ciki zai narke.

Gobe da safe ka sayi jarka biyu, ka rubuta "gishiri" a ɗaya, "RO" a ɗayar. Ka haɗa abin da zai ishe ka mako biyu zuwa huɗu, ka tsayar da rana ɗaya a mako ta sauya ruwa.